Littafin Aiki: Ƙera Ƙaramar Na'urar Auna Dalma a Ruwan Rijiya

13 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan littafi domin in riƙa rubuta abin da aka yi, da abin da ya ƙi yiwuwa, da dalilin kowane zaɓi, ta yadda wanda zai ɗora daga inda muka tsaya ba zai sake faɗawa ramin da muka faɗa ba. Mu uku ne a kan aikin: ni, da ɗalibata mai karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, da dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu, wanda kowa yake kira Baba.

Abin da muke son ƙerawa shi ne na'ura mai aiki da batir, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, da za a soka mata ɗan faranti mai siririyar magudana a cikinsa, a bi da ruwan rijiya ta wannan magudana, ita kuma ta faɗi yawan dalmar da ke cikin ruwan. Masana suna kiran irin wannan na'ura potenshiyostat. Tana aiki ne da ilektirod guda uku da ke taɓa ruwan: na farko shi ne mai aiki, inda sinadarin da ake nema yake karɓa ko ya saki lantarki, na biyu shi ne ma'auni, wanda ake gwada ƙarfin lantarkin mai aiki da shi, na uku kuma mataimaki ne, ta cikinsa lantarkin yake kewayawa. Aikin na'urar duka shi ne ta riƙe ƙarfin lantarki tsakanin mai aiki da ma'auni daidai inda aka umarce ta, sannan ta auna abin da ya kwarara.

Dalilin zaɓen dalma ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san abin da ya faru a Zamfara. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda ana daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. A 2015 irin wannan ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na'urar hannu da aka auna jinin yaran da ita a Zamfara, LeadCare II, da wannan dabara ta lantarki take aiki, kuma jinin yara da yawa ya zarce iyakar abin da take iya nunawa, wato mikrogiram 65 a kowace desilita. Ƙurar daka da ƙasar tsakar gida su ne suka fi yin ɓarna a can, don haka ba na ruɗin kaina cewa auna ruwa shi ne dukan maganin. Amma ruwa ne mafi sauƙin farawa, kuma shi ne abin da uwa ba za ta iya hana ɗanta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan mikrogiram 10 cikin lita. Na lissafa wa ɗalibata haka: giram ɗaya na dalma a narkar da shi cikin jarka 4,000 masu cin lita 25. Idan na'urarmu ba ta iya ganin wannan ba, ba ta da amfani.

27 ga Janairu, 2025

Mun kammala zaɓen kayan lantarki. Ba mu ne farkon masu wannan tunani ba, kuma mun amfana ƙwarai da waɗanda suka saki zanensu kyauta: CheapStat da aka fitar a Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara a 2011 a kan kuɗin da bai kai dala 80 ba, da uMED na ɗakin gwajin George Whitesides a Harvard a 2014, wadda ke aika sakamako ta layin murya na wayar hannu, da DStat na Jami'ar Toronto a 2015, wadda ta nuna yadda ake auna kwarara 'yar mitsitsiya da kaya masu araha.

Da farko na karkata ga guntun LMP91000, domin kusan dukan na'urar tana ƙunshe a cikinsa. Sai dai an yi shi ne saboda ma'aunan iskar gas, inda ake kafa ƙarfin lantarki wuri ɗaya a bar shi, don haka matakansa manya ne, yawanci kashi 2 cikin ɗari na madogararsa, alhali mu muna bukatar mu riƙa matsawa da 'yan milibolt kaɗan a kowane taku. Saboda haka muka koma haɗa namu. ESP32 ce ƙwaƙwalwar, ita ce kuma za ta yi magana da waya ta Bluetooth. MCP4725 zai samar da ƙarfin lantarkin, kuma tun da yana raba bolt 3.3 gida 4,096, kowane taku wajen milibolt 0.8 ne, wanda ya ishe mu. ADS1115 zai karanta sakamakon. Idan kwararar ta bi ta rezista mai om dubu ɗari, mikro'amfiya ɗaya za ta zama kashi ɗaya bisa goma na bolt, ƙaramin takun da za mu iya gani kuma ya zama wajen nano'amfiya 0.6. A takarda ke nan.

Akwai wani abu da Baba ne ya ankarar da mu. Yana kallona ina narka dalmar liƙi a kan allon, sai ya ce, "Malam, abin da za ku nema a ruwa, ai shi ne a hannunka." Gaskiya ya faɗa, domin dalmar liƙin da masu gyaran rediyo suke amfani da ita kashi 60 kuza ce, kashi 40 dalma. Daga yau teburin liƙi yana ɗaki guda, teburin ruwa yana wani ɗakin, kuma wanda ya taɓa wancan ba zai taɓa wannan ba sai ya wanke hannu ya sa sabuwar safar hannu.

10 ga Fabrairu, 2025

Kafin a kai na'ura ga ruwa, ana fara gwada ta da rezista, saboda an san amsar tun kafin a tambaya. Rabin bolt a kan om dubu goma dole ya ba da mikro'amfiya 50, kuma zanen ya fito miƙaƙƙen layi. Hakan ya fito, muka yi hamdala. Amma da muka sauya rezistan da mai om miliyan goma domin mu sauka yankin nano'amfiya, inda aikinmu na ainihi yake, sai layin ya yi kauri yana rawa. A osiloskop, na'urar da ke zana hawa da saukar lantarki a fuskarta, muka ga rawar tana maimaituwa sau 50 a daƙiƙa, wato hayaniyar wayoyin wutar da ke cikin bango ce take shigowa. Ko hannu mutum ya kawo kusa da wayar ilektirod sai rawar ta ƙaru.

Matakai uku muka ɗauka. Mun cire na'urar daga caja gaba ɗaya, ta koma kan batir 18650 kaɗai. Mun gajarta wayar ilektirod mai aiki har ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Sannan mun saka allon cikin babban gwangwanin madara na ƙarfe, muka haɗa jikin gwangwanin da ƙasan da'irar, ya zama garkuwa.

Mataki na huɗu shi ne ya fi faranta mini rai, domin bai ci ko kobo ba. Hanyar awon da za mu bi tana ɗaga ƙarfin lantarki ta sauke shi a jere, ta karanta kwarara a ƙarshen kowane rabi, sannan ta ɗebe wannan daga wancan. Idan aka sa wannan hawa da sauka ya zama sau 25 a daƙiƙa, to tsakanin karatu biyun akwai milidaƙiƙa 20, wanda shi ne daidai tsawon zagaye ɗaya na wutar gida. Hayaniyar tana samun karatu biyun a wuri ɗaya na zagayenta, sai ta share kanta wajen ɗebewa. Inda dabarar take rauni shi ne lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, domin bugun janareta yana hawa yana sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. A irin wannan lokaci gwangwani ne kaɗai gatanmu.

14 ga Fabrairu, 2025

Gwajin farko cikin ruwa, da ferisayanaid, sinadarin da kowa ke gwada sabuwar na'ura da shi. Ana tafiyar da ƙarfin lantarki gaba a dawo da shi, kuma tudai biyun da ake tsammani a zanen kwararar sun fito, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa, kuma da muka ninka saurin tafiyar sau huɗu tsayinsu ya ninka kusan sau biyu, kamar yadda ƙa'idar Randles da Sevcik ta tanada. Tazarar tudan ta fi milibolt 59 da littattafai ke faɗa, amma wannan halin ilektirod na kabon da aka buga a kan roba ne, kuma babbar na'urar sashenmu ta nuna irin wannan tazara a kan ilektirod ɗin. Na sa an ware kwalbar zubar da ferisayanaid daban, a rubuce, saboda kada ya taɓa haɗuwa da asid mai ƙarfi, wanda ke sa shi sakin iska mai guba.

26 ga Fabrairu, 2025

Makonni biyu ke nan muna fama da farantin, kuma yanzu na yarda cewa ruwan ya fi lantarkin wuyar sha'ani.

Yawancin ɗakunan bincike suna zuba magudanarsu da robar PDMS a kan ƙirar da aka yi a ɗaki marar ƙura. Mu ba mu da irin wannan ɗaki, kuma ƙurar hunturu tana sauka a kan komai cikin 'yan mintoci. Sai muka bi hanyar talaka: salatif mai danƙo fuska biyu, mai kaurin kashi ɗaya bisa goma na milimita, a yanke siffar magudanar a cikinsa, a manna shi tsakanin ilektirod da ɗan gilashin roba mai huda biyu. Yankan kuwa wani mai yin sitika da lambobin mota a kasuwa ne ya yi mana da injinsa. Da ya ga zanen ya tambaye ni ko na tabbata ban yi kuskuren awo ba, domin bai taɓa yanka abu siriri haka ba, amma da ya rage zurfin wuƙar sau biyu sai ga gefen ya fito sumul. Magudanar tana da tsawon milimita 20 da faɗin milimita 2, don haka abin da take ɗauka mikrolita 4 ne kacal, kuma ɗigon ruwa ɗaya ya cika irinta fiye da goma.

A irin wannan matsi ruwa ba ya gauraya kansa. Yana tafiya ne shimfiɗa a kan shimfiɗa, salin-alin, ba juyi ba kaɗawa. A kofin gwaji ana motsa ruwan domin dalma ta riƙa isa fuskar ilektirod. A nan gudun ruwan ne yake maye gurbin motsawar, saboda haka dole gudun ya zama ɗaya a kowane gwaji. Famfon sirinji yana da tsada kuma yana son wuta, don haka muka gwada robar ƙarin ruwa ta asibiti, irin ta yara mai ɗigo 60 a mililita, muka rataye kwalbar a tsayi sananne muna ƙirga ɗigo da agogo.

Babbar abokiyar gabarmu ita ce kumfa. Ƙwaya ɗaya ta iska, wadda ba ta kai kan allura ba, idan ta zauna a kan ilektirod na ma'auni, na'urar tana rasa abin dogaronta, sai ta tura duk ƙarfin da take da shi ta ƙone fuskar mai aiki. Ilektirod shida muka yi asara ta wannan hanya kafin mu fahimta. Yanzu mun jera su ta yadda ruwa zai fara bi ta kan ma'auni, sannan mai aiki, mataimaki ya zo a ƙarshe, domin iskar da yake haifarwa ta fice ba tare da ta ratsa sauran ba. Na kuma ƙara umarni a manhajar cewa da zarar ta ga ƙarfin ya buga iyaka, ta yanke wuta nan take.

12 ga Maris, 2025

Saboda azumi mun mayar da aiki daga bayan asuba zuwa azahar. A safiyar yau muka ga dalma a karon farko.

Dabarar mataki biyu ce. Da fari ana riƙe ilektirod mai aiki a bolt 1.2 ƙasa da sifili na tsawon minti biyu ko fiye, ruwan yana gudana, dalmar da ke narke tana taruwa tana liƙewa a fuskarsa. Bayan nan sai a tsayar da ruwan, a riƙa ɗaga ƙarfin a hankali, kowane ƙarfe kuma ya saki jikin ilektirod a nasa mataki. Dalma tana saki a wajen rabin bolt ƙasa da sifili, kadmiyam kafin ita, kuma tsayin tudun da ya bayyana a zanen shi ke nuna yawanta. Wannan tarawar ita ce sirrin da ke sa na'ura mai araha ta ga abin da yake ƙanƙani haka. A da, da zaiba ake shafe fuskar ilektirod, ita kuma guba ce da ba za a yawo da ita ƙauye ba. A shekarar 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna cewa bismut yana yin aikin, don haka muna zuba ɗan bismut cikin ruwan bafa na asetet, wato ruwan da ke riƙe tsami a wuri ɗaya, mai tsamin 4.5 a ma'aunin pH, ya liƙe tare da dalmar.

Ɗalibata ce ta fara ganin tudun a fuskar waya, ta ce, "Malam, ga shi nan ya fito." Ruwan mai mikrogiram 100 a lita ne, ninki goma na iyakar da muke nema, amma tudun tsaf yake, a inda ya kamata.

20 ga Maris, 2025

Murnarmu ta ragu. Da muka bi da ruwan fanko, wato tataccen ruwa da bafa kawai, ba a zuba masa dalma ba, sai ga ɗan tudu a mazaunin dalma. Ƙarami ne, amma a yankin mikrogiram 10 ƙarami ma babba ne. Mun bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya kwana huɗu: robar ƙarin ruwan, salatif ɗin, bismut ɗin, ruwan kansa. A ƙarshe laifin ya tsaya a kan kwalaben gilashin da aka daɗe ana aikin ɗalibai da su. Gilashi yana riƙe dalma a jikinsa ya kuma sake ta idan ya ji tsami. Mun koma kwalaben roba sababbi, an jiƙa su kwana guda cikin asid na naitirik mai kashi 10 cikin ɗari, an ɗauraye da tataccen ruwa, tudun kuwa ya ɓace. Doka ta biyu ta ɗakin: ba a karɓar sakamakon kowace rana sai an fara da ruwan fanko an kuma rufe da shi.

16 ga Afrilu, 2025

Zafin bazara ya koya mana abin da ɗaki mai sanyi zai ɓoye. Ruwa ɗaya, ilektirod iri ɗaya, amma tudun azahar ya fi na safe tsawo. Dalilin sananne ne: sinadarai suna saurin yawo cikin ruwa mai ɗumi, kuma kwararar tana ƙaruwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowane digiri. Ruwan ɗumi kuma ya fi saurin bin robar, wanda ke ƙara yawan abin da ke isa ilektirod. Na'urar da aka daidaita a ɗaki da safe, aka kai ta bakin rijiya da tsakar rana, za ta faɗi abin da ya fi gaskiya yawa.

Na yi tunanin saka ma'aunin zafi a gyara da lissafi, amma na fi natsuwa da tsohuwar hanyar ƙari sananne. Ana auna ruwan yadda yake, sai a zuba masa dalma gwargwado sananne a sake aunawa, a ƙara a sake, sannan a ja layin baya a gano abin da yake ciki tun asali. Tun da duk awon uku a zafi ɗaya ake yin su, cikin ruwa ɗaya, a kan ilektirod ɗaya, yawancin kurakuran suna cinye juna. Kuɗin da muka biya shi ne lokaci, domin gwajin minti biyar ya koma na kusan minti ashirin, kuma mai aikin zai riƙa ɗaukar ruwan dalma a jakarsa. Na yarda da wannan ciniki.

8 ga Mayu, 2025

Mun fara gwada ruwan rijiya na gaske, daga rijiyoyi uku na unguwannin da ke kusa, kuma abubuwa biyu sun bayyana da tataccen ruwa bai taɓa nuna mana ba. Na farko, tudun yana gusawa dama ko hagu daga rijiya zuwa rijiya. Ma'aunin da ke kan farantin azurfa ce tsirara, ƙarfinta kuma yana bin yawan gishirin kuloraid da ke cikin ruwan, yana gusawa da wajen milibolt 59 duk lokacin da gishirin ya ninka sau goma. Maganinsa shi ne mu zuba gishiri mai yawa, gwargwado ɗaya, cikin bafa, har ya rinjayi na rijiyar. Na biyu, a ɗaya daga cikin rijiyoyin dalmar da muka ƙara da hannunmu ba ta fito da tsayin da ya kamata ba. Jan ƙarfe yana yin haka, domin yana rige bismut zama a fuskar ilektirod, kuma ɗan ferosayanaid da ke kama shi ya dawo da mafi yawan tudun.

Ɗaya daga cikin rijiyoyin ta gidan Baba ce, shi ya kawo ruwan da kansa a gora. Da yamma ya tsaya a bakin teburin ya ce, "Malam, jikokina suna sha, me kuka gani?" Na ce masa, "Baba, ka yi mini haƙuri, ba zan ba ka lamba daga wannan na'ura ba tukuna." Ya yi shiru, na kuma ga abin bai yi masa daɗi ba. Na bayyana masa cewa idan na ce ruwan lafiya alhali wani abu ne ya danne tudun, na cuce shi, idan kuma na ce da guba alhali ƙurar teburinmu ce, zai rufe rijiyar da gidansa ya dogara da ita a banza. Na yi masa alkawari cewa ruwansa yana cikin na farko da za a aika babban ɗakin gwaji. Na'urar auna ƙarafa da harshen wuta da muke da ita a sashen ba ta sauka ƙasa sosai har ta tabbatar da mikrogiram 10, don haka sai wadda ke ƙona samfur cikin bututun girafait, ko ICP-MS, babbar na'urar da ke tantance ƙarafa da nauyinsu.

19 ga Yuni, 2025

Damina ta sauka, laima ta kawo tata matsalar. A ranakun da aka kwana ana ruwa, layin tushe, wato abin da na'urar ke nunawa idan babu komai, yana ɗagawa ko da ba a soka farantin ba, domin danshi da ragowar man liƙi suna buɗe wa lantarki ɓarauniyar hanya a fuskar allon. Mun wanke allon da barasar goge kayan lantarki, mun busar, mun shafe shi da varnish in ban da bakin da farantin ke shiga, mun kuma jefa ƙunshin silika cikin akwatin. Sabon allon da nake zanawa zai sami zoben kariya kewaye da layin ilektirod mai aiki.

Inda muke a yau: a tataccen ruwa tudun mikrogiram 10 yana fitowa a fili idan aka tara na minti huɗu, batir yana wuce yini, kumfa kuma ta ragu tun da muka fara jiƙa magudanar da bafa kafin a sa samfur. Abin da ya rage shi ne bambancin da ke tsakanin faranti da faranti, wanda nake dangantawa da yadda hannu ke danna salatif ɗin, don haka na ba wani maƙeri zanen ɗan matsi mai kusoshi huɗu da zai riƙa danna su da nauyi ɗaya.

Jiya muka ɗaure samfura goma sha biyu, kowanne an raba shi gida biyu, an ɗiga masa asid na naitirik domin dalmar kada ta liƙe a jikin kwalba. Ɗalibata ce ta sa musu lambobi ta riƙe takardar, ta yadda ni da zan auna namu rabin ban san wace kwalba ce ta wace rijiya ba, kuma uku daga cikinsu ta zuba musu dalma gwargwadon da ita kaɗai ta sani. Zan auna namu a rubuta a rufe kafin sakamakon can ya iso. Baba ne ya kai kwalin tasha da kansa.